Amsa kan gwajin sankarar bakin mahaifa ga matan 'yan asalin Ostiraliya

'Yar'uwa, kin tambayi abin da ke hana matan 'yan asalin Ostiraliya, wato ƙabilun da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa, zuwa gwajin sankarar bakin mahaifa. Nisan asibiti na daga ciki, amma a ganina kunyar buɗe jiki gaban baƙon ma'aikaci ta fi nauyi. Shi ya sa tun Yulin 2022 aka ba kowace mace mai shekara 25 zuwa 74 damar ɗaukar samfurin gwajin daga farjinta da kanta da ɗan tsinken auduga, a bayan labule, duk shekara biyar. Kuskure ne mace ta ɗauka rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, ya ɗauke mata gwaji, ko ta ƙi komawa asibiti bayan an gano ƙwayar cutar. Wadda take ganin jini bayan saduwa kuwa, ta garzaya wurin likita, kada ta jira lokacin gwaji.