Amsa: likita baƙo zai iya shiga siyasar lardi a Kanada?

Malam, ka ce kana shakkar a zaɓi likitan da ba a ƙasar aka haife shi ba. Ai an yi, tun tuni ma. Duba Dakta Gulzar Cheema. A Punjab ta Indiya ya yi karatun likitanci, ya shiga Kanada a 1979, ya zauna yana duba marasa lafiya a Winnipeg. A 1988 mutanen mazaɓar Kildonan suka tura shi majalisar lardin Manitoba a tutar jam'iyyar Liberal, a 1990 ya sake ci a mazaɓar The Maples.

Abin da ya fi burge ni, a 1993 ya ajiye kujerar ya koma lardin Biritish Kolombiya, inda sai ya fara daga tushe. A 2001 ya ci mazaɓar Surrey-Panorama Ridge, aka ba shi ƙaramin ministan lafiyar ƙwaƙwalwa. Majalisun larduna biyu kenan, mutum ɗaya!

A ganina, wanda ka auna wa hawan jini da hannunka ba ya wuyar ba ka ƙuri'a. Amma dai da ya nemi majalisar tarayya a 2004, ƙasa ya sha.