Ƙanena sojan Amurka ne, ya ji rauni a Afganistan: zai iya dawowa gida ba tare da ya yi asarar haƙƙinsa ba?

Tambaya: Barista, ƙanena ya tafi Amurka ta cacar biza, ya shiga sojan ƙasa a 2010. Nakiya ta tashi da su a Afganistan, ƙafarsa ta hagu ta lalace, aka sallame shi a 2014. Ana biyansa diyyar kashi 40. Yanzu ba ya iya barci, kunnensa na ƙara, yana so ya dawo Kano da zama. Ya ce rantsuwar da ya yi ta shiga soja ta mai da shi ɗan ƙasa. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ki gaya masa ya dakata da sayen tikiti. Rantsuwar shiga soja daban, ta zama ɗan ƙasa daban. Wannan ruɗanin ya sa an taɓa korar tsofaffin sojoji daga ƙasar da suka yi wa yaƙi. Idan ba shi da takardar shaidar zama ɗan ƙasa ko fasfon Amurka, har yau baƙo ne mai katin zama na dindindin, kuma in ya wuce shekara guda a waje ba tare da izinin komawa ba, za a iya ɗauka cewa ya yi watsi da katin.

Ƙofarsa a buɗe take. Sashe na 329 na dokar shige da fice ta Amurka ya ba wanda ya yi aikin soja a lokacin yaƙi damar neman zama ɗan ƙasa ba tare da sharaɗin shekarun zama ba, kuma umarnin da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002 ya ƙirga lokacin yaƙin daga 11 ga Satumba 2001. Zai cike fom N-400, ba ya biyan ko sisi, ya haɗa da takardar sallamarsa mai suna DD-214. A wannan takarda akwai gurbin da aka rubuta irin sallamar da aka yi masa; nan za a fara dubawa. In ta mutunci ce, shi ke nan. In kuwa da tabo, sai ya fara neman a gyara ta da fom DD-293, wanda ake karɓa cikin shekara 15 daga ranar sallama, wato nasa wa'adin zai cika a 2029. Akwai jarrabawar Turanci da ta sanin ƙasa, amma idan raunin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, likita na iya cike fom N-648 a ɗauke masa.

Ga inda ake tuntuɓe. Ki tambaye shi tsakani da Allah: an taɓa kama shi? Faɗa, ƙwaya, tuƙi cikin maye, rikici da iyali? Ya taɓa jefa ƙuri'a ko ya rubuta a wata takarda cewa shi ɗan ƙasa ne? Da irin tunanin da yake da shi, wannan na ƙarshen ba abin mamaki ba ne, kuma yana da haɗari ƙwarai. Laifin sata ko na duka da aka yanke wa ɗaurin shekara guda, ko da an jingine hukuncin bai kwana a gidan yari ba, na iya rufe ƙofar har abada, ya kuma jawo kora. In akwai ko ɗaya, kada ya tura fom sai lauyan shige da fice na can ya ga takardun kotun, domin fom ɗin ne zai buɗe masa fayil. Ta ɓangaren gida babu damuwa: sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar haifaffen ɗan Najeriya ya riƙe ƙasa biyu.

Sai batun diyya. Kashi 40 ɗin na ƙafa ne, in na fahimce ki. Rashin barci, firgita irin ta bayan yaƙi da ƙarar kunne su ma ana neman diyyarsu a ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, da fom 21-526EZ. Ya fara tura 21-0966 tun yau. Wannan yana riƙe masa ranar da za a fara lissafin kuɗi har shekara guda yayin da yake tattara takardun asibiti. Idan DD-214 ɗinsa ta nuna lambar Purple Heart, wadda ake ba sojan da ya ji rauni a yaƙi, ko bajon sojan ƙasa da ya shiga fagen daga, ba za a wahalar da shi wajen tabbatar da abin da ya firgita shi ba. Za a kira shi gwajin likita. Kada ya fasa zuwa, kuma kada ya yi mazantaka. Likita ya ce yaya jiki, ya ce "da sauƙi" irin tamu, sai a rubuta da sauƙin. Ya faɗi awa nawa yake barci, sau nawa yake zabura a mako.

Lissafinsu kuma ba tarawa ba ne. In aka ba shi 50 na firgita, ana ɗaukar 40 cikin ɗari na ragowar hamsin, wato 20, jimilla 70, ba 90 ba. In hukuncin bai yi masa ba, yana da shekara guda ya ɗaukaka ƙara. Doka ta hana lauya karɓar kuɗi a kan buƙatar farko, don haka duk wanda ya ce a ba shi kaso tun daga nan, a guje shi; ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV suna yi kyauta.

Diyyar VA ba ta dogara da zama ɗan ƙasa ba, kuma za ta bi shi har Kano. Akwai kuma shirin da ke biyan kuɗin magani a ƙasashen waje, sai dai na cututtukan da aka amince aikin soja ne ya jawo su kaɗai. Shi ya sa ya kamata a shigar da firgitar da kunnen cikin lissafi tun yana can kusa da likitocinsu. Ya yi gwajin, ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, ya karɓi fasfo, sannan ki fara share masa ɗaki.