Amsa: Daga Daura za a iya shirya wa tseren keken duwatsu?

Malam, ka tambaya ko mutumin Daura, inda ƙasa take a shimfiɗe, zai iya shirya wa tseren keke na dogon zango cikin duwatsu. Zai iya ƙwarai.

Dubi Tour Divide: daga Banff a Kanada zuwa Antelope Wells a iyakar Amurka da Meziko, fiye da kilomita 4,000, ana tashi a watan Yuni. Ba motar rakiya, ba mai miƙo maka ruwa. Abinci sai ka shiga ƙaramin gari ka saya, in ka iske shaguna a rufe ka kwana da yunwa. Akwai kuma Atlas Mountain Race na Maroko, wanda aka fara a 2020.

Rashin barci da lalacewar keke a inda babu mai faci suna kayar da mutane sosai. Don haka koyi faci da gyaran sarƙa da hannunka. Ƙayar aduwa a hanyoyin ƙauyukanmu za ta koya maka da wuri. Tuƙi cikin yashi wajen Zango da Mai'adua yana ƙarfafa ƙafa. Hawa kuwa, sai ka je Jos. Kuma don Allah ka nisanci dajin Rugu.