Amsa ga Baffa a Kano Kan Masu Hawan Keke a Tudun Jos

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni dalilin da ya sa magidanta a Jos suke fita da sanyin asuba suna hawa tsaunuka a kan keke, alhali kullum ana jin labarin haɗari a hanya, ka kuma tambaya ko ya dace ka bar ɗanka da ke karatu a nan ya shiga gasar hawan tudu da 'yan ƙungiyarmu ta masu hawan keke suke shiryawa.

Da farko sai an duba ƙasar kanta. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, ita kuwa Kano ba ta kai mita 500 ba, kuma ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabashin gari ta haura mita 1,800. Kakanninmu da haƙar kuza ta kawo su nan tun farkon ƙarni na 20 sun tarar da gari wanda kusan kowace hanya a cikinsa hawa ce ko gangara, saboda haka ɗan Gangare ko Unguwar Rogo da ya tashi da keke ya saba da abin da Bakano bai taɓa buƙatarsa ba. Gasar da ake magana a kanta ba ta ƙwararrun 'yan wasa ba ce. Masu shigarta malaman makaranta ne da ma'aikata da 'yan tireda, kuma burin yawancinsu shi ne su kai ƙarshe ba tare da sun sauka sun tura ba.

Atisayen yana da tsari. Bayan sallar Asuba ake haɗuwa, a fita kafin tireloli da masu Keke Napep su cika titi. Sabon shiga ba a kai shi dutse a makonnin farko. Ana fara masa da shimfiɗaɗɗiyar hanya, kamar ta wajen Rayfield, har numfashinsa ya saba da iskar tudu, sannan a koya masa sauya giya tun kafin hawan ya yi tsanani, domin wanda ya jira sai ƙafarsa ta yi nauyi kafin ya sauya yakan tsinke sarƙa ko ya kife a tsaye. Daga nan sai a zaɓi hawa guda a riƙa maimaita shi, ana ƙara yawan zagaye a hankali, da ranar hutu a tsakani. A watan azumi ana rage nisa, wasu ma su ajiye keken sai bayan salla. Game da sutura, wadda na san tana cikin abin da ya dame ka, mutanenmu dogon wando suke sawa a kan na wasan. Muna fita tare da abokai 'yan ƙabilun Birom da Afizere, kuma tun bayan rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 aka saba zaɓar hanyar da kowa a cikin ayarin zai bi da kwanciyar hankali.

Amma abin da nake so ka fi riƙewa, Baffa, shi ne cewa a gangara haɗarin yake. Mai hawa a hankali yake tafiya, ko ya faɗi ƙujewa ce. Mai gangarowa kuwa gudunsa yana iya kai na mota, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Wanda ya matse birki tun daga sama har ƙasa yana zafafa bakin ƙarfen ƙafar keken har tib ya iya fashewa, wanda kuma ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a cikin kwana zai tsinci kansa a kan kwalta. Saboda haka ake koya wa kowa ya rage gudu kafin ya shiga kwana, ya riƙa kama birki yana saki, ya ja jikinsa baya a kan sirdi. Da damina, wadda a nan takan fara tun Afrilu, ruwa yana kwaso yashi ya zube shi a kwanoni, birkin roba kuma ba ya kamawa sosai idan ya jiƙe.

Sai kuma manyan motoci. Hawan Kibo, a hanyar Akwanga, ya yi suna wajen haɗarin tireloli da birki ya ƙwace musu, kuma a ganina mai keke ba shi da abin nema a can, ko da ya fi kowa ƙarfin ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya tsayawa a kowace kwana ba, shi ya sa muka kafa wa kanmu dokoki: babu mai fita ba tare da hular kwano ba, babu mai fita shi kaɗai, ana tafiya a layi guda, ana sa riga mai haske saboda hazo, kuma ba a kutsawa ta hannun daman tirela, domin direba ba ya ganin wanda ke wurin. A doguwar tafiya mota tana biyo mu a baya da kayan faci da na taimakon gaggawa.

Shawarata ita ce ka bar shi, amma da sharaɗi. Ya kawo keken mu kai wa bakanike a duba birki da tayoyi, ya sayi hular kwano mai kyau, ba irin ta leburori ba, sannan ya yi aƙalla wata uku yana fita da mu. Idan na ga ya iya gangara sai in rubuta sunansa, idan kuwa na ga gudu yake so, zan mayar da shi cikin motar rakiya in sanar da kai.

A gaida su Hajiya da yara.