Karen gadi ya tsufa: me za a ƙara masa a abinci?

Malam, ka ce karenka a Tumfure da ke Gombe ya kai shekara 10, nauyinsa kilo 20, yana tashi da ƙyar da safe. Yawanci alamar ciwon gaɓoɓi ce, kuma cikin abubuwan da ake ƙarawa a abinci, abin da ya fi taimakawa man kifi ne mai sinadarin omega-3.

Amma duba bayan kwalbar. Ƙwayar da aka rubuta wa 1,000mg yawanci EPA da DHA (nau'o'in omega-3) ɗin cikinta kusan 300mg ne kacal, su ne masu aikin. Kare mai wannan nauyi yana bukatar wajen ƙwaya huɗu a rana. Fara da ɗaya cikin abinci, ka riƙa ƙarawa duk mako, in ba haka ba zawo zai biyo baya. Zafin Gombe yana ɓata man, sa shi a firij. In ya fara ƙarni mai tsami, zubar. Kada ka ba shi man hantar kifi da yawa, bitamin A da D na taruwa a jiki.

Glucosamine kuwa, wani ƙari da ake sayarwa don ciwon gaɓoɓi, amfaninsa bai taka kara ya karya ba.

Magungunan ciwo na mutane irin su ibuprofen da diclofenac kuwa suna cinye masa ciki da ƙoda. In yana yawan shan ruwa da fitsari, likitan dabbobi ya fara duba ƙodar tukuna.