Amsa ga mai tambaya kan fim ɗin kaboyi na A Fistful of Dollars

Salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, wai babanku ya dame ka da yabon wannan fim, ka sauke ka kalla sai ka ga abin duk arha, bakin 'yan wasa daban maganar daban, kuma shi jarumin da ake ta kurantawa ɗan neman kuɗi ne kawai, to ina adalcin da ake cewa akwai a fim ɗin kaboyi? Wallahi sai da na yi dariya, don duk abin da ka lissafa haka yake, ba ka yi ƙarya ba ko ɗaya. Sai dai ni waɗannan abubuwan ne ma suka sa har yau ban gaji da shi ba.

Ni a gidan kallon unguwarmu na fara ganinsa, zamanin kaset, talabijin ɗaya a kan tebur mu wajen arba'in a kan benci ana ta zufa, janareto na ƙugi a waje. Babu mai jin Turancin kirki a cikinmu in ka cire wani yayanmu da ke sakandare, shi ma rabi ƙirƙira yake yi, amma ba wanda labarin ya ɓace wa. Mu dai mun san akta mun san bos, shikenan.

Maganar arha tukuna. Fim ɗin na 1964 ne, kuma ba 'yan Amurka suka yi shi ba, darakta Sergio Leone ɗan Italiya ne, a Sifaniya aka ɗauka, wani ɓangare kusa da Madrid wani a yankin Almeriya inda ƙasar ta bushe ta yi kama da iyakar Amurka da Meziko. Kuɗin da aka kashe gaba ɗaya wajen dala dubu 200 ne. Leone ya so manyan 'yan wasa irin su Henry Fonda aljihu bai kai ba, sai aka ɗauko Clint Eastwood wanda lokacin a wani shirin talabijin mai suna Rawhide kawai aka san shi, aka ba shi dala dubu 15. Garin da ka gani ma ba don fim ɗin aka gina shi ba, tsohon saiti ne da aka riga aka yi wasu finafinan a ciki. Shi kuma bakin da ka ce ba ya haɗuwa da magana, ai haka Italiyawa ke aiki a lokacin, ba a ɗaukar murya a wajen shutin, ga ɗan Amurka ga ɗan Italiya ga Bajamushe ga ɗan Sifaniya kowa na yin yarensa, daga baya a shiga situdiyo a ɗora murya. Har sunayensu suka ɓoye fa, Leone ya sa Bob Robertson, mai kiɗan Ennio Morricone ya sa Dan Savio, don 'yan kallo su ɗauka kayan Amurka ne.

To ka duba abin da rashin kuɗin ya haifar. Tunda ba kuɗin tara ɗaruruwan mutane da dawakai, sai kyamara ta koma kan fuska, a cika allo da idon mutum da gumi da ƙuda, a yi shiru mai tsawo kana jiran wa zai fara zaro bindiga. Morricone bai da kuɗin babbar tawagar makaɗa sai ya haɗa fito da bulala da ƙararrawa da jita, wannan fiton kuwa sai da muka shekara muna yinsa a hanyar makaranta. Kuma da yake maganar ba ta da yawa shi ya sa mu da ba ma jin yaren muka gane komai.

Yanzu adalci, nan ne nake ganin ka shiga da wani tsammani daban. Ka tuna garin, San Miguel. Gida biyu ne ke riƙe da shi, 'yan Rojo masu fasa-ƙwaurin giya da 'yan Baxter masu fasa-ƙwaurin bindigogi, kuma shi John Baxter ɗin shi ne sharif, wato shi ne hukumar garin, tauraro a ƙirji. To in mai kama ɓarawo shi ne ke sayar da bindiga wa za ka kai wa ƙara? Duk garin mutum ɗaya ne kasuwarsa ke ci, tsohon nan mai ƙera akwatin gawa. A irin wannan wurin ne baƙo ya shigo a kan alfadari, ba doki ba ma, yaran Baxter suka yi ta harbi a ƙafar alfadarin suna dariya, ya wuce ya ce wa tsohon ya tanadi akwati uku, ya dawo ya kashe huɗu, sannan ya gyara masa lissafi. A gidan kallonmu nan ake tashi tsaye ana ihu sai mai gida ya buga tebur.

Kuma gaskiyarka ne, don kuɗi ya tsaya. Ya karɓa a nan ya karɓa a can. Wurin da ya fi ba ni tsoro ina yaro shi ne bayan Ramon, ɗaya daga cikin 'yan Rojo, ya kwantar da sojojin Meziko a bakin kogi da bindiga mai jigida ya kwashe zinare, sai mutumin naka ya ɗauki gawar soja biyu ya jingina su da kabari a maƙabarta kamar masu rai, ya je ya sayar wa kowane gida labarin cewa akwai shaidu da suka tsira. Mutumin kirki ba ya wannan.

Amma abu ɗaya ya yi wanda ba riba a ciki, kuma a ganina don shi aka yi fim ɗin duka. Marisol, matar da Ramon ya ƙwace daga hannun mijinta da sharrin wai ya yi maguɗi a karta, ɗanta ƙarami na kuka a ƙofa ana korarsa da harbi. Baƙon ya kashe masu gadinta, ya haɗa ta da miji da ɗa, ya ciro kuɗin da ya sha wahalar tarawa ya danƙa musu ya ce su tsallake iyaka. Duk wayon da ya yi a baya bai jawo masa ko ƙwarzane ba, ranar da ya yi alheri ranar aka kama shi aka yi masa dukan kawo wuƙa, fuska ta kumbura ido ya rufe, hannun harbin aka tattake, da jan ciki ya fita, a cikin akwatin gawa aka fitar da shi daga gari. Yana leƙe ta ƙasan murfin ya ga 'yan Rojo sun cinna wa gidan Baxter wuta suna harbe duk wanda ya fito, hannu a sama ma ba a bari ba, har matar gidan. Wannan wutar kuwa shi ya hura ta tun farko, fim ɗin bai wanke shi ba kuma bai tsaya yi maka wa'azi ba.

Kar ka ɗauka kai kaɗai abin ya dama. Da za a nuna shi a talabijin a Amurka a shekarun 1970 sai da tashar ta sa aka ɗauki wani ɗan guntun farko aka liƙa, wai fursuna ne hukuma ta sake shi da sharaɗin ya je ya gyara garin, don dai a ce da izini yake kisa. Ba Eastwood ba ne ma a wurin, wani aka sa wa mayafin ana ɓoye fuskarsa. In ka ci karo da wannan a YouTube ka san ɗori ne.

Abin dariya kuma su kansu masu fim ɗin sai da aka kai su ƙara. Labarin kusan gaba ɗaya na Yojimbo ne, fim ɗin Akira Kurosawa na Japan na 1961, can takobi nan bindiga, kuma ba su nemi izini ba. Ƙarshe aka sasanta aka ba su Kurosawa kashi 15 cikin 100 na cinikin duniya da haƙƙin nunawa a wasu ƙasashen Asiya, shi kuma fim ɗin na Leone bai shiga silima a Amurka ba sai 1967.

Shawarata ka sake kallonsa da daddare da abin ji a kunne, ka aje wayar nan gefe, kar ka riƙa turawa gaba in an yi shiru. Ka lura da ƙarshen sosai, inda ya fito daga cikin hayaƙin nakiya Ramon na ta harbinsa a ƙirji yana faɗuwa yana tashi har harsashi ya ƙare, ashe farantin ƙarfe ya ɗaura a ƙarƙashin mayafi. Dabarar ta ci ne kawai saboda Ramon mutum ne mai alfahari da cewa shi zuciya yake nema ba ya harbin ko'ina.

Mu ba mu gane wannan ba lokacin. Washegari na sato murfin tukunyar Innarmu na ɗaura da igiya a cikin riga, na yafa tsohon buhu, na tsaya a bakin lungu na ce wa abokina ya harbo da danƙo. Shi kuwa ba ruwansa da zuciya, a goshi ya same ni, tabon na nan har yau saman girar hagu, da na koma gida kuma Inna ta ga murfinta a wuyana ta ƙara min nata.