Amsa: DRBD ya ƙi tashi bayan an kunna SELinux

Malam, ka ce sabar (server) ofishinku ta Zoo Road da ta Bompai suna kwafar bayanai da DRBD (manhajar da ke kwafar faifan wata saba zuwa wata ta hanyar sadarwa), amma da ka mayar da SELinux (tsarin tsaro na Linux) kan enforcing (yanayin tilasta ƙa'idoji) sai drbdadm, umarnin sarrafa DRBD, ya ƙi aiki, kana tunanin kashe SELinux ɗungurum. Don Allah kada ka kashe. Shi ne katangar da ke tsare mai kutse ko da ya samu ikon root, wato na babban mai gudanarwa.

Fara da ausearch -m avc -ts recent, ka ga abin da aka hana drbd_t (lakabin da SELinux ke ba DRBD) taɓawa. Galibi lakabin da SELinux ke ba fayil ne ya lalace, musamman idan da mv aka kawo fayilolin daga wani wuri, domin mv yana tahowa da tsohon lakabi, cp kuwa na sabon wurin yake ɗauka. Abin da ke /var/lib/drbd ya kamata ya zama drbd_var_lib_t. Gyara shi da restorecon -Rv /var/lib/drbd, a kan saba biyun, ba ɗaya kawai ba.

Idan bai warware ba, sassauta wa DRBD shi kaɗai: semanage permissive -a drbd_t. Gwada sauya babbar saba da mataimakiyarta, domin wasu hane-hanen sai lokacin suke fitowa, ranar da wuta ta ɗauke. Sannan ka haɗa ƙa'ida da audit2allow -M, amma ka karanta fayil ɗin .te kafin semodule -i; yakan buɗe ƙofar da ba ka nema ba. Ka gama, cire sassaucin da semanage permissive -d drbd_t.

In saba biyun sun tsaya kan Connecting kuwa, wato sun kasa haɗuwa, duba firewalld (mai tsaron tashoshin sadarwa), ko an buɗe tashar 7788.